Ni na ce barci yake, Kawu ya ce ya mace

Tunda labarin ya riga ya kai majalisa, kuma na ji yadda ake ƙara masa gishiri, gara in faɗa da bakina.

Kun dai san bayan ƙaramar Salla na sayo akwatin gilashin nan na kifi. A ɗakin jiran likitan haƙori na gani, raina ya biya. Mai cin lita 60, da kifin gwal 6, da 'yan mitsi-mitsin nan masu wutsiya kamar mayafi da ake kira gofi guda 4. Mai sayarwa ya ce, "Alhaji, ruwa da abinci kawai." Na zo gida na cika shi da ruwan famfo, na juye su duka a rana ɗaya. Kafin Juma'a ta zagayo, uku daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Sai a lokacin na shiga intanet neman ilimi. Ashe kulorin ɗin da ake sa wa ruwan famfo ƙona kifi yake yi a wurin da yake numfashi. Ashe kashinsu da ragowar abinci amoniya suke zama, guba ke nan, kuma wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune a cikin soson da ke tace ruwan akwatin suke karya ta, su kuwa sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su iya aikin. Ni ko da na ga soson ya yi baƙi, cire shi na yi na wanke fes a bakin famfo, ina jin kaina mai tsafta. Ma'aikatana na kashe da hannuna. Ga yara kuma, duk wanda ya gifta sai ya barbaɗa abinci wai kifin ya kalle shi da tausayi.

Sannan zafi ya zo. Kifin gwal ɗan ruwan sanyi ne, asalinsa ƙasar Sin, ni kuwa na ajiye shi a falo a Kano cikin Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40. Ruwa in ya yi ɗumi ba ya riƙe iska sosai, in aka ɗauke wuta kuma injin kumfa da ke hura wa ruwan iska ya tsaya, sai ka gan su sun taso sama suna ta buɗe baki. Ƙarfe biyun dare za ka same ni da singileti, tocila a baki, ina ɗibar ruwan da moɗa ina kwararo shi daga sama don iska ta shiga. Uwargida ta leƙo sau ɗaya ta ce ko lokacin da auta ke haƙori ba ta ga na yi wannan raino ba.

A nan ne maƙwabcina ya shigo, ba sai na kama suna ba. Janaretonsa kwana yake yana ruri, hayaƙin kuma ta tagata yake bi. Na je har ƙofar gida na yi sallama, na ce don Allah ya ba ni waya ɗaya tal in jona injin kumfa, abin da bai kai ƙwan fitila cin wuta ba. Ya ce kifin na sayarwa ne? Na ce a'a. Na ci ne? Na ce na kallo ne. Mutumin nan ya dafa bango yana dariya, har da kiran ƙaninsa wai ya zo ya ji. Mutumin da tsanina ke gidansa tun damina waccan! Da barona, wanda ya dawo da shi babu taya ya ce haka ya karɓa. Ranar sunan 'yarsa wa ya kwashe kujeru har goma sha ɗayan dare? Ba komai.

To, ranar da abin ya faru saura biyu: gofi ɗaya, da babban kifin gwal ɗin da yara suka sa wa suna Ciyaman saboda tumbinsa. Kawun uwargida ya zo daga Argungu, tare da surukata Hajiya. Kun san Kawu. Mutumin da yake faɗawa kogin Matan Fada kamun kifi da gora da homa tun ba a haife ni ba. Na durƙusa mun gaisa, aka kawo ruwa, sai shaiɗan ya raɗa mini in nuna masa akwatina.

Ya matso ya sunkuya. Bai yi ƙiftawa biyu ba ya ce, "Ɗan nan, wanga babban kihi naka ya mace."

Ciyaman na can ƙasa, a tsakanin ciyawar roba, tsaye cak, ido buɗe. Da ina da hankali da sai in ce, "To, Kawu." Amma sati uku ina karatu. Na gyara murya na ce, "Allah ya ƙara girma, barci yake. Ai kifi ba shi da fatar ido, ido buɗe yake barci."

Jama'a, maganar gaskiya ce, ku je ku duba. Amma ku dubi wanda na gaya wa. Ni da ban taɓa kama ko ƙarfasa ɗaya ba, ina koya wa Bakabe yadda kifi ke barci, a gaban surukata, har da ɗaga yatsa.

Kawu ya ce, "Kwana shikai?"

Na ce, "Sosai ma. Bari ka gani."

Na ƙwanƙwasa gilashin. Shiru. Na ƙara da ƙarfi. Ciyawar da ta riƙe shi ta saki. Ciyaman ya fara tasowa a hankali, a hankali, kamar mai jin kunya, yana zuwa tsakiya ya juya ciki sama. Kamar da gangan, a daidai lokacin aka kawo wuta. Injin ya tashi, kumfa ta ɗauke shi ta yi ta zagayawa da shi, ya wuce ta gaban Kawu, ya wuce ta gaban Hajiya, ya dawo ta gabana, ya sake komawa. Zagaye uku na ƙirga. Auta ta yi tsalle ta ce, "Baba, Ciyaman ya iya iyo da baya!"

Hajiya ta ja mayafi ta rufe baki ta ce, "Allah ya mayar da alheri." Daga kicin na ji wani tari da na san ba tari ba ne. Kawu ya koma ya zauna, ya kurɓi ruwansa, ya ce, "Kwana nai ya yi nauyi. A bar shi shi huta." Yatsana har lokacin yana sama.

Bayan sati biyu direba ya kira ni in zo tasha in karɓi saƙo. Jarka ce an yanke bakinta, da tarwaɗa a ciki, baƙa wuluk, da gashin baki. Wai in ji Kawu wannan ce daidai ni. Ita ba ruwanta da wuta, in iska ta yi kaɗan sai ta taso ta shaƙi ta sama ta koma. Daren farko ta cinye gofin.

Tana nan. Ba ta da kyan kallo, ta hargitsa ciyawar, uwargida kuma ta fara tambayar ko ta kai kilo. Wanda zai bi ta layinmu ya tuna wa mutumin can maganar tsanina, ni ba na son in yi magana.