Ranar da Hajiyata ta yi wa daraktoci jawabi

Waɗanda suka ji labarin nan a bakin Injiniya, wanda na ari motarsa ranar, su zubar da rabi, gishiri ya zuba masa. Ban yi kuka ba, zufa ce. Kuma ban fita da gudu ba, sauri na yi.

Kun dai san abin da ke rubuce a katina: Babban Mashawarci kan Kasuwanci da Tsarin Kuɗi. A 2021 na yi wa kamfanin rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, bayan wurin da nake aiki a da sun sallame mu, kuma daga ranar zuwa yau ma'aikatan ba su wuce ni ba. Ni ne shugaba, ni ne masinja. Hedikwatar kuwa tebur ne guda a lungun shagon mai fotokwafi a wata fulaza a Utako, nan Abuja. In ya tayar da janareta mu raba kuɗin mai, in bai tayar ba kamfani ya tafi hutu. Hajiyata a Jos har gobe ba ta gane aikin ba. Ta taɓa tambayata, "Kai wai me kake sayarwa ne?" Na ce shawara. Ta yi shiru, can ta ce, "Da ma sayar da ita ake yi? Ni da na shekara arba'in ina rabawa kyauta a Gangare?" Abin haushin shi ne yawancin waɗanda nake bi ra'ayinsu ɗaya da nata. Mutum zai zaunar da kai awa uku ya tatse ka tas, ya ce Allah ya saka da alheri, ya kira yaro ya raka ka bakin ƙofa.

To, Alhajin nan mai manyan motoci, kun san shi, wata bakwai ina bin sa. Daga ɗaurin aure zuwa ta'aziyya, har masallacin da yake Juma'a na koma. Ƙarshe ya ce in zo ranar Talata ofishinsu na Garki in yi wa daraktoci bayani, wai kuɗi na shigowa amma ba a ganin inda suke shiga. Daraktocin nan 'ya'yansa biyu ne da ƙaninsa da surukinsa, sai Akanta.

Na ari motar Injiniya, wanda tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba ya ba ka makulli sai ya ɗauki hoton allurar tanki. Na karɓo babbar rigata a wurin tela da alƙawarin cikon kuɗi da yamma. Na ɗauko ɗan yayata da ke bautar ƙasa a nan, na naɗa shi Shugaban Sashen Bincike a kan titin Kubwa, daidai gadar Dutse. Na ja masa kunne a kan abu ɗaya tak: kada ya kuskura ya ce min Kawu. Yallaɓai zai ce. Ya ce, "To Kawu."

A bakin ƙofar Alhaji na gansu suna shiga, sai na ɗaga murya na ce wa Baba maigadi ya sa ido a kan motar kamfani. Ku riƙe wannan.

Wallahi farkon abin ya yi kyau. An haɗa kwamfutata da majigi da sifikar ɗakin, ga ni a bango ƙato. Na nuna musu cewa matsalarsu uku ce. Aljihun Alhaji da asusun kamfani abu ɗaya ne, daga nan ake biyan direba, daga nan ake sayen ragon suna. Babu wanda ke gwada man gas ɗin da mota ta sha da tafiyar da ta yi, don haka tirelar da ta je Kaduna ta dawo tana cin man zuwa Maiduguri a takarda, ba mai tambaya. Na ce a ba kowace mota littafinta, a rubuta lambar kilomita ranar fita da ranar dawowa. Na ukun shi ne ya jawo min: na ce bai kamata mutum ɗaya ya zama shi ne mai sayowa, shi ne mai biya, shi ne kuma mai rubutawa ba. Alhaji na ta gyaɗa kai. Har na fara lissafi a zuci, in an ɗora harajin VAT na kashi 7.5 aka zare wanda ake zarewa tun daga tushe, nawa zai rage min, kuma ko zai kai in rabu da mai fotokwafi.

Bari in tsaya a kan Akanta, don shi ne ke hana ni barci, ba Hajiya ba. Mutumin nan tun ranar farko bai taɓa kiran sunana ba. "Malam Mai Shawara" yake ce min, yana jan "shawara" ɗin kamar mai kiran akuya. Yana da wani biro da yake ƙyasawa, ƙyas, ƙyas, duk lokacin da na faɗi adadi. Tabarau a kan tsinin hanci, ta samansa yake kallon mutum, ban san amfanin gilashin ba. Sau uku ina kai masa takardar neman aiki, sau uku yana cewa ba ta iso teburinsa ba, alhali ta biyun da idona na ga kofin shayinsa a kanta. Ya taɓa ajiye ni daga sha ɗaya har La'asar a kan benci, da ya fito ya ce, "Au, kana nan?" Ina zan je? Kuma ku duba, an kawo cincin da lemo ɗakin taron nan saboda baƙi, wato ni, mutumin nan ya jawo farantin gabansa ya bi shi ɗaya bayan ɗaya, yana zaɓar manyan. Shekara ashirin da wani abu yana riƙe da littafin Alhaji, a Gwarinpa kuma an ce yana da gida biyu. An ce, na ce. Ni ban ce komai ba. To, a nan ɗakin ban ce ba.

Ina kan shafin da na rubuta wa kai da manyan baƙaƙe, "Yadda za a raba kuɗin gida da na kasuwa", sai na ji ƙit. Ashe WhatsApp ɗina a buɗe yake a kwamfutar tun daren jiya. Saƙo ya faɗo a gefen bango, daga uwargida: "Baban Ummi gas ya ƙare, wake na kan wuta. Ka turo ko daga kuɗin kamfanin ne."

Na yi kamar ban gani ba. Na matsa na tsaya a gaban wurin, rubutun ya koma kan cikin babbar rigata. Alhaji ya ce, "Matsa mana, me aka rubuta can ƙasa? Idona ba ya kai wa. Akanta, karanta min." Ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, ya karanta shi da irin muryar da ake karanta kasafin kuɗi a majalisa, har da tsayawa bayan "wake". Bai rufe baki ba ƙit, na tela: cikon dubu tara, kuma in ba zan biya yau ba kada in zauna a kan aikin wuyan. Ya karanta. Ƙit, Injiniya: "Ka dawo min da motata kafin La'asar, kuma kada ka sauke gilashin baya, ba ya hawa." Wannan sau biyu ya karanta shi, ya ɗago ya ce, "Motar kamfani ke nan?" Ƙyas, ƙyas.

Na ce wa Shugaban Sashen Bincike a hankali, ta gefen baki, rufe abin nan. Yaron da ya yi digiri a kimiyyar kwamfuta. Ya kai hannu yana rawa, maimakon ya rufe sai ya buɗe shi gaba ɗaya, ya kuma dangwala saƙon muryar da ke sama. Hoton Hajiyata da mayafinta na Makka ya cika bango, muryarta ta cika ɗaki.

"Salamu alaikum."

Duk ɗakin aka amsa. Har ni. Yaron nan har da cewa, "Ina wuni Kaka."

"Yana ɗauka? Ke zo duba min, yana ɗauka? To. Kai, ka ce yau ne za ka je wurin mai kuɗin nan ko? Rubutun da na ba direba ya kawo maka gora biyu ne. Na babbar sha za ka yi. Na ƙaramar ka shafa a fuska da tafin hannu, kuma Malam ya ce lallai hannun da ka shafa shi za ka miƙa masa ku gaisa. Kada ka yi irin na wancan karon da ka shanye duka biyun."

Alhaji ya buɗe tafin hannunsa na dama yana dubawa. Ya juya bayansa. Ya kai shi hanci.

Ni kuwa ina tsaye da sandar nuni a hannu, ƙafafuna sun ƙi motsi. Tsakanina da kwamfutar taku huɗu ne, na auna daga baya a raina ya fi sau ɗari. Taku huɗu. Da na taka da an tsaya a kan gora. Amma wani abu ya riƙe ni, ina jin tarbiyya ce, ba a katse Hajiya tana magana.

"Malam ya ce in ka shiga ka riga shi kallo, in sha Allahu ko ƙasa ka ce ya saya zai saya. Shi kuma wannan mai riƙe masa kuɗin, wanda ka ce ɓarawo ne, mai tabaran nan, na faɗa wa Malam. Ya ce a bar shi da shi."

Biron ya faɗi. Na ji ƙararsa a kan tayil, ya gangara ƙarƙashin tebur, ba wanda ya ɗauko. Babban ɗan Alhaji ya cusa kansa cikin hularsa, kafaɗunsa na rawa. Surukin ya tashi wai zai amsa waya, wayar kuwa na kan tebur. Hajiya ta shiga batun kuɗin makarantar ƙanwata, yaron nan yana ta dannawa yana ƙara mata murya, can ya kurma ihu, "Kawu, ya ƙi tsayawa!" Ya fizge wata waya daga bango. Ta firij ce. Hajiya ta ci gaba har ta kai ga gaisuwar su Ummi, ta yi mana addu'a, aka shafa. Alhaji ma ya shafa, da hagu.

Aka yi tsit. Can Alhaji ya ce, "Malam, tsakani da Allah, ka shafa?" Na ce umarnin uwa ne, ranka ya daɗe. Ya yi dariya har sai da aka miƙo masa ruwa. Ya ce Allah ya yi wa Hajiya albarka, irinsu sun yi ƙaranci. Ya ce bayanina ya yi ma'ana ƙwarai, za su zauna su duba, za a kira ni. Duk wanda ya yi sana'ar nan wata uku ya san fassarar "za a kira ka". Sauran shafuka goma sha ɗaya ban san yadda na bi ta kansu ba, na dai tuna na ce "a taƙaice" ya kai sau shida. Da za mu fita bai ba ni hannu ba, ƙirji ya dafa.

A ƙofa aka miƙo min ambulan, kuɗin mai, dubu ashirin. Sha biyu suka koma tankin Injiniya don allura ta dace da hoto, sauran aka sa wa gas abin da ya samu. Tela na nan muna gaisawa daga nesa.

Bayan kwana biyu takarda ta zo daga Akanta, wai kafin a duba batuna in kawo shaidar biyan haraji ta shekara uku da wasu takardu guda biyar da ko ma'aikatar gwamnati sai kwangila ta yi girma take neman wasunsu. Wani direbansu da muke haɗuwa a wurin mai shayi kuma ya ce min yanzu kowace tirela da littafinta, ana rubuta kilomita fita da dawowa, wai dabarar Akanta ce. Har an yaba masa.

Daren Alhamis ɗin da ta wuce, wajen sha ɗaya, sai ga kiran Akanta. Karon farko da ya kama sunana, har da "Alhaji" a gaba, ni da ko Legas ban taɓa hawa jirgi na je ba. Ya tambayi iyali, ya tambayi jikin Hajiya, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce ƙafarsa ta hagu ce ke ɗan yi masa nauyi kwanan nan, ko na san abin da Malam yake nufi da a bar shi da shi. Na ce sai na tambaya. Ban tambaya ba tukuna, katin wayata ya ƙare.

Gilashin bayan kuma yaron nan ya sauke shi a hanyar dawowa, wai iska yake so ya sha. Injiniya ya ce dubu bakwai ne gyaran, ni na ce da ma can a lalace yake. Muna kan maganar.