Bajon Izzy da mutumin da ke cikin singileti

Masu tara bajon wasannin Olamfik ba sa sayen hoto mai kyau, sai sun ga bayan bajo. Ni kuwa da na samo bajon Izzy a kasuwar gwanjo, wato shuɗin dodon nan na gasar Atlanta ta 1996, shekarar da Najeriya ta doke Ajantina 3-2 ta ɗauki zinare a ƙwallo, sai na kwafo hoton kamfani daga intanet na liƙa a eBay, shafin saye da sayarwa. Hoton fes, kamar yanzu aka ƙera shi.

Nawa kuwa ido ɗaya ya kankare, allurar baya ta lanƙwashe, maɗaurin ma ba nasa ba ne. Dattijon da ya saya ya aiko da hoto yana tambaya ko Izzy ya yi haɗarin mota a hanya. Dokar eBay a fili take: ba a sa hoton kamfani a kan kayan hannu, kuma idan kaya ya saɓa wa bayani, mai sayarwa ke biyan kuɗin dawo da shi. Kuɗin gidan waya ya fi kuɗin bajon.

To, sai ɗaukar hoton gaske, kuma nan ake yinta. Bajo ƙarfe ne mai sheƙi. Ka kunna fitilar waya, sai ka ga farin haske kawai a inda fuskar dodo take. Ka kashe ta ka matso kusa, kyamarar ta kasa gani, komai ya yi dishi-dishi. Abin da ke aiki shi ne hasken taga da hantsi, farar takarda a ƙasa, wata a tsaye a gefe tana maido haske, waya a nesa kamar santimita 30, sannan a jawo hoton sau 2. A ɗauki gaba, a ɗauki baya inda hatimin ACOG, wato kwamitin da ya shirya gasar Atlanta, da sunan maƙera suke, don shi ne shaidar ba jabu ba ne. A karkata bajon kaɗan, saboda ƙarzuwa ba ta fitowa sai haske ya zo ta gefe. A ajiye rula kusa da shi. eBay ya ba ka damar sa hotuna 24, kada ka yi rowa.

Abin da ba wanda ya faɗa min shi ne bakin bajon madubi ne. Na sa hotuna, ina jin kaina gwani, sai wata mata ta rubuto: shin mutumin nan mai farar singileti da ke leƙe a gefen Izzy cikin zanen yake? In haka ne, ta ce, ba ta taɓa ganin irinsa ba, za ta ƙara kuɗi.

Yanzu baƙin kwali nake hudawa daidai idon kyamara, in laɓe a bayansa. Rigar ma ina sawa, ko da kwalin zai zame.