Ranar da fayilolinmu duka suka zama sa'o'in juna

Oga ya ce in gano masa fayilolin da ke cinye mana wuri a ma'ajiya kafin taron yamma. Na buɗe rumbun bayanan Bacula, manhajar da ke adana mana kwafin fayiloli, na shiga teburin File, babu girman fayil ko ɗaya a rubuce. Sai wani gida mai suna LStat cike da tarkace irin su IGk B A A BAA. Har na fara salati, na ɗauka rumbun ne ya lalace. Ashe lambobi ne aka rubuta da alamomi 64: A sifili, B ɗaya, har zuwa + da /. Kowane gungu da abin da yake faɗa: izini, mai fayil, girma, lokacin da aka gyara shi a ƙirge da daƙiƙu tun daga 1970. IGk ɗin nan 33188 ne, wato fayil na gama-gari mai izinin 644, wanda kowa zai iya karantawa amma mai shi kaɗai ke iya gyarawa. Da na warware wannan, wallahi ji na yi kamar a ɗaga ni sama.

Girma shi ne gungu na 8. Na buga 8 a Python, yaren da nake rubuta wa kwamfuta umarni da shi, ban ko leƙa sakamakon ba, na nufi taro ina taƙama.

Na haska a bango. Fayil na farko, 4096. Na biyu, 4096. Na gangara, na gangara, 4096 har ƙasa. Bidiyon taron bara da takardar neman hutu mai layi uku, duk girmansu ɗaya. Oga ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Malam, to wanne ne babban?" Ni kuma, maimakon in kama bakina, sai na ji kaina ina cewa, "Ranka ya daɗe, da alama manhajar ce ke daidaita su." Daidaita su! Ni da bakina, a gaban kowa.

Yarinyar nan mai koyon aiki ce ta ɗaga hannu a hankali, ta ce, "Yallaɓai, Python daga sifili yake fara ƙirga." Ashe da na buga 8, gungu na 9 na ɗauko, girman bulo na faifai, wanda ɗaya ne ga duk fayilolinmu: BAA, wato 64 sau 64, 4096 ke nan. Ita ban ji haushinta ba, cikin ladabi ta faɗa.

Mutumin bakin taga ne matsalata. Kun san shi. Tana rufe baki ya gyaɗa kai ya ce, "Ai tun ɗazu na lura." Ka lura da me? Mutumin da ya kira ni wai kwamfutarsa ta mutu, na je na tarar ba a jona ta da wuta ba, kuma ban faɗa wa kowa ba sai yau. Yanzu in mun haɗu a matakala sai ya ce, "Sannu, BAA," kamar kukan tunkiya.

Na dai mayar da 8 ya koma 7. Babban fayil ɗin kuwa nawa ne, wani tsohon kwafi da na manta tun bara. Wannan Oga bai tambaya ba tukuna.