Ƙosan Misra kore ne

Bayan isha'i ne a teburin Mudi mai shayi, a wani ƙauye can gefen Ringim. Ustaz Sabo da ke karatu a jami'ar Azhar ta Misra ya kira ƙaninsa Habu bidiyo kol, yaro kuwa ya jingina wayar da gwangwanin madara kowa ya leƙo. Kawu Tanko na kan benci, Gwaggo mai ƙosai ta zo karɓar canji ta maƙale, Jauro kuma yana jiran cajin wayarsa ya cika.

KAWU TANKO: SABO! KANA JI NA?

USTAZ: Ina ji Kawu, ba sai ka ɗaga murya ba.

KAWU TANKO: Yo Misra ai da nisa. Kai na ga ka rame, ba sa ba ku abinci ne?

USTAZ: Abinci kai! Kawu a Alƙahira ko biyun dare ka fito titi sai ka ci ka ƙoshi. Da asuba kuma masu ful sun fito da amalanke, wani wake ne manya-manya a tukunya mai ƙaramin baki, kwana yake yi a kan wuta kaɗan-kaɗan, sai a kwaso da doguwar ludayi a zuba mai da lemon tsami, a tsaye kowa ke ci, ɗan sanda da direban tasi da malamin jami'a duk kafaɗa da kafaɗa.

MUDI: Wake da mai kenan.

USTAZ: A'a, ful.

MUDI: An dafa wake ko ba a dafa ba? An zuba mai ko ba a zuba ba? Ashe don wake da mai aka yi maka fasfo.

USTAZ: To bari ka ji ta'amiya. Shi waken ake jiƙawa a markaɗa da ganye da albasa da tafarnuwa, a barbaɗa riɗi, a soya a mai. In ka ɓara shi cikinsa kore shar.

GWAGGO: Wai ƙosai yake nufi?

USTAZ: Kusan haka Gwaggo.

GWAGGO: Ƙosai kore! La'ilaha illallahu. Ɗan nan ranar da nawa ya yi kore ai awaki nake zubawa. Da koko ake sha?

USTAZ: Babu koko, a cikin gurasa ake cusa shi.

GWAGGO: Yajin ƙuli fa?

USTAZ: Babu.

GWAGGO: Gyara fa? In ka sayi goma ana ɗora maka ɗaya?

USTAZ: Ni dai na taɓa tsayawa ina jiran gyara, mutumin ya kalle ni na kalle shi, ƙarshe ya ce in matsa akwai layi.

GWAGGO: Allah sarki maraya. Shi ya sa wuyanka ya yi tsawo.

USTAZ: Ai ba ku ji babban ba tukuna, kushari. Shinkafa ce da makaroni da taliya da wani mitsitsin wake da ake kira adas, a kwarara miyar tumatir, a watsa soyayyar albasa, ga ruwan tafarnuwa da na barkono a gefe. Mai zubawan nan wallahi abin kallo ne, yana ɗiba yana buga cokali a jikin tukwane ƙwal ƙwal ƙwal, kafin ka ƙifta ido ya cika kwano.

MUDI: Tsaya tsaya. Shinkafa da taliya da wake duk a kwano ɗaya? Wannan ai kwanon almajiri ne ranar da aka yi suna gida uku a unguwa.

KAWU TANKO: Kuma kuɗi ka biya?

USTAZ: Na biya mana.

KAWU TANKO: Da nan ne Allah ya ba ku mu samu kawai za ka ce.

JAURO: Ni tambayana ɗaya. Akwai nagge?

USTAZ: Akwai Jauro, amma da yawan madarar da ake sha ta ɓauna ce, a gida suke kiwonta kamar saniya.

JAURO: Ɓauna? Ita Balarabe ta kama ɓauna ta tatsa? Kai yaro, karatun addini aka tura ka fa.

USTAZ: Wallahi Jauro da idona na gani.

JAURO: To ka ce mata ina gaishe ta, jarumi ce.

USTAZ: Rake ma ba a sha da baki. Shago ne guda, a tura sanda cikin inji ya matse, a miƙo maka a kofi da kumfa da sanyi, ka shanye a take don in ya jima baƙi yake yi.

KAWU TANKO: To haƙoran me za su yi? Mutum ya sha rake bai tara ɓawo a gabansa ba, wa zai san ya sha?

MUDI: Kawu kai da saura haƙori huɗu ai injin nan kai aka yi wa.

KAWU TANKO: Zuba min shayi ka rufe min baki.

USTAZ: Amma abin da ya fi ɗaure min kai gurasa. Za ka ga yaro a kan keke ya ɗora wani dogon katako a ka shaƙe da gurasa, hannu ɗaya a kan keke ɗaya a katako, yana ratsa motoci ko ɗaya ba ta faɗuwa. Kuma ta gwamnati mai tallafi fiye da shekara 30 tana kirshi 5, wato kwabonsu, sai a 2024 aka mai da ita kirshi 20.

KAWU TANKO: Shekara talatin kuɗi bai motsa ba? Mudi kana ji? Kai da burodinka na asuba daban na hantsi daban.

MUDI: Ni gwamnati ce?

USTAZ: Ai su ba a wasa da su a kan gurasa. A 1977 zamanin shugaba Sadat aka taɓa tallafin abinci, mutane suka cika titi, kwana biyu gwamnati ta janye.

KAWU TANKO: Mu da aka cire na fetur a 2023 nan muka taru a bencin nan muka ce Allah ya kyauta, aka ƙara sikari.

GWAGGO: To duk daɗin nan da kake faɗa me ya ramar da kai?

USTAZ: Gwaggo gaskiya... ba sa ba da bashi. Ko ka ce kai ɗalibin Azhar ne, sai mutum ya yi maka addu'a mai tsawo har da kiranka shehi, sannan ya miƙo hannu.

MUDI: Alhamdulillah da ka taɓo wajen. Habu miƙo min littafin nan na ƙasan kwalin Lipton. Ustaz Sabo, Indomie biyu da ƙwai uku, shayi haɗin kauri sau tara, burodi mai yanka rabi, tun daren da za ka tafi Kano hawa jirgi ka ce gobe.

USTAZ: Hello? Mudi? Sabis ɗin ya fara...

MUDI: Ina jin ka tar.

GWAGGO: Nima akwai ƙosan ɗari biyu.

Nan take Ustaz ya ƙame a waya, baki buɗe, ido waje ɗaya, ko motsi.

HABU: Netwok ya riƙe shi.

JAURO: Riƙe ina? Ga fanka can a bayanta tana juyawa.

KAWU TANKO: SABO! ƘIFTA IDON KADA YA BUSHE, NI ZAN BIYA NA ƘOSAN!

MUDI: Nawa fa Kawu?

KAWU TANKO: Hello? Mudi? Ba na jin ka.