Duba mara lafiya ta waya sai dai a birni

Wani labari da na karanta ya ce lokacin korona likitoci sun koma duba masu kansar bakin mahaifa ta waya don rage cunkoso. To, mu nan ƙauyukan Ringim waya ɗaya ce a gida, tana aljihun maigida. Wace mace ce za ta yi bayanin zubar jini yana tsaye a kanta? Da aka kulle Kano a Afrilun 2020, gwaggona ta rasa motar zuwa karɓar magani, dole muka koma jiƙe-jiƙe. Gwajin ruwan khal, wanda ake shafawa a bakin mahaifa don gano alamun kansa da wuri, ungozomar asibitin karkara za ta iya in an koya mata, a kawo mana shi kusa. Rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo kansar bakin mahaifa, da aka fara a Najeriya a 2023 kuwa, don Allah iyaye a kai 'yan mata.