Takardar saki ba ta kwashe wa mace haƙƙinta

A Zariya, daga cikin birni har Tudun Wada, mutane da yawa sun ɗauka da zarar miji ya miƙa takarda, mace ta ja akwatinta zuwa gidansu, shi ke nan an rabu. Ba haka shari'a ta ce ba. Aya ta 1 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita daga ɗakinta lokacin idda. Idan saki ɗaya ne ko biyu, ci da sha da sutura duk suna wuyansa har ta gama. Mai ciki kuwa sai ta haihu, ko da saki uku ne.

Raba dukiya biyu irin na Ingila babu shi a mazhabar Malikiyya, kowa da abinsa. Amma abin da ke nata, nata ne: sadakinta, gado da kwanukan da iyayenta suka jera mata, keken ɗinkin da ta saya da kuɗin adashe, akuyar da ta kiwata. Abin takaici ne a ga an riƙe wa mace waɗannan, tana kunyar tambaya.

Yara ma a hannunta reno yake muddin ba ta sake aure ba, ciyar da su kuma na uba ne. Idan ya ƙi, kotun shari'a tana iya yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata.