Ƙuri'ar raba gardama ba ita ce ficewa ba

Mutane da dama suna zaton Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai ranar 23 ga Yuni, 2016, lokacin da kusan kashi 52 cikin ɗari na masu jefa ƙuri'a suka zaɓi ficewa. Ba haka abin yake ba. A wajen doka ƙuri'ar shawara ce kawai, shi ya sa Kotun Ƙoli ta ce sai majalisar dokoki ta amince kafin Firaminista Theresa May ta miƙa takardar neman fita a Maris 2017. Bayan doguwar tattaunawa mai zafi, musamman kan iyakar da ke tsakanin Jamhuriyar Ayalan da Ayalan ta Arewa, wadda yanki ce ta Birtaniya, sai ranar 31 ga Janairu, 2020 ƙasar ta fita.